Tozo da wutsiya: yadda asibitin Royal Free ya gyara awon ƙodar masu ruwa a ciki

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen masu ciwon hanta, a Kano ne ko a Maraɗi ko a Landan, ya san wannan kama. Mutum ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, hannaye sun koma kamar kara, ido ya yi rawaya, amma ciki ya yi tulu, fatarsa na sheƙi, cibiya ta turo waje. Hanta ce ta ƙandare, jini ba ya samun hanya ta cikinta yadda ya kamata, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa yana taruwa a kogon ciki, lita biyar, lita goma, wani ma ya zarce haka. Hankalin dangi duk yana kan hanta. Likitan da ke shirin yi masa dashe kuwa, tambayar da ke cin ransa ta ƙoda ce: nawa take tacewa a minti guda?

Wannan adadi shi likitoci ke kira GFR, wato yawan ruwan jinin da ƙoda biyu ke tacewa a kowane minti. Matashi mai lafiya yana tace kusan mililita 120 a minti, wajen lita 170 ke nan a yini, ko da yake ƙoda tana mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a fitsari bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Ga mai jiran dashen hanta, abubuwa masu nauyi sun rataya a kan adadin. Maganin da ake ba mutum bayan dashe don kada jiki ya ƙi sabuwar hanta, irin su tacrolimus, yana gajiyar da ƙoda, kuma shan sa ake yi har ƙarshen rayuwa. In ƙoda ta riga ta yi rauni, sai a sauya tsarin magani, wani lokaci ma a yanke shawarar dasa hanta da ƙoda tare. A Amurka tun 2017 akwai ƙa'ida rubutacciya kan haka: mai tsohon ciwon ƙoda sai awonsa ya zauna a 60 ko ƙasa da haka fiye da kwana 90, kuma ya sauka zuwa 30 ko ƙasa, kafin a sa shi a layin masu karɓar gaɓoɓin biyu.

Asibitin Royal Free da ke unguwar Hampstead a arewacin Landan yana cikin manyan cibiyoyin ciwon hanta na Birtaniya tun da Sheila Sherlock ta kafa sashen hanta a can a 1959. A nan ne likitan hanta Andrew Burroughs da masana fiziks na sashen gwajin nukiliya, Maria Burniston da Fred Wickham da abokan aikinsu, suka zauna a kan wata matsala da ta daɗe: gwajin awon ƙoda kai tsaye da kowa ke ɗauka a matsayin alƙali yana ba masu ruwa a ciki sakamako mai kyau fiye da gaskiyar ƙodarsu.

Ba sai an daɗe a kan gwajin kiriyatinin ba, wanda shi ne ake yi a kowane ɗakin gwaji. Kiriyatinin datti ne da ƙoda ke cirewa daga jini, daga tsoka yake fitowa, hanta ce kuma ke haɗa sinadarin da ake samun sa daga gare shi. Mutumin da tsokarsa ta zube, hantarsa ta gaza, kaɗan yake samarwa, saboda haka jininsa zai nuna kiriyatinin daidai ko da ƙoda ta yi nisa. Ga kuma sinadarin shawara da ke rikita tsohuwar hanyar awo ta Jaffé, ya sa sakamako ya ƙara sauka. Shi ya sa a irin waɗannan marasa lafiya ba a tsayawa kan ƙiyasi, sai a tura su a auna kai tsaye. Matsalar ita ce awon kai tsayen ma akwai zato a cikinsa.

Yadda ake awon

Tun 1935 Homer Smith da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa wani sinadari mai suna inulin ne ma'auni mafi inganci, amma hanyar tana da wahala: ƙarin ruwa ba tsayawa, robar fitsari a mafitsara, da tara fitsari a kan lokaci. A 1967 aka fara amfani da sinadarin EDTA mai alamar kuromiyam 51, wato mai ɗan hasken nukiliya da na'ura ke iya ƙirgawa, a jikin mutane, sai aiki ya sauƙaƙa, allura ɗaya tak, sannan a ɗebi jini sau kaɗan. Sinadari ne da jiki ba ya sarrafawa, ba ya shiga cikin ƙwayoyin halitta, kusan ba shi da ƙofar fita sai matatar ƙoda.

Aikin na masu natsuwa ne. Ana auna sirinji a ma'auni mai tsananin daidaito kafin allura da bayanta, don a san ainihin abin da ya shiga jijiya. Ana zuba irin wannan sinadari a kwalba mai sananniyar girma, a cika da ruwa, a ajiye don kwatance. Jinin kuwa daga ɗaya hannun ake ɗiba, ba wanda aka yi wa allura ba, domin ɗan abin da ya maƙale a bututu zai ɓata komai. Ma'aikaciyar jinya tana duba agogo ta rubuta mintin da jini ya shiga kwalba, ba mintin da aka tsara ba. Sai a juya jinin a inji, ruwansa mai launin zuma ya hau sama, a ɗebi mililita ɗaya ko biyu a sa a na'urar ƙirga haske.

Lissafin da ke ƙarƙashi gajere ne. A zana yawan sinadari a ruwan jini a tsaye, lokaci a kwance. Layi zai faro daga sama ya gangaro, ya yi ta kusantar ƙasa. A auna faɗin filin da ke ƙarƙashin wannan layi, tun daga lokacin allura har sinadarin ya ƙare ƙurmus. A raba yawan abin da aka yi allura da faɗin filin, abin da ya fito shi ne GFR. Ƙoda mai ƙarfi tana share jini da wuri, fili ya zama ƙarami, sakamako ya zama babba. Mai rauni tana barin sinadari ya daɗe, fili ya faɗaɗa, sakamako ya ragu.

To amma babu wanda ke ganin layin. Ɗigo uku ko huɗu ake gani, sauran duk zana shi ake yi. Nan ne aikin ƙididdiga ya shigo, kuma nan ne rigimar take.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a ɗebi jini bayan awa 2, awa 3 da awa 4. Ana zaton cewa zuwa awa biyu sinadari ya gama bazuwa a ruwan jiki, abin da ya rage shi ne ƙoda ta riƙa cire kaso iri ɗaya a kowane minti. In haka ne, idan aka juya alƙaluman zuwa logaridim, wato ma'aunin lissafi da ke auna raguwa da kaso, ɗigogin za su jeru a miƙaƙƙen layi. Sai a ja layin da ya fi kusa da su duka, a miƙa shi baya zuwa lokacin allura, a miƙa shi gaba har abada. Gangarar layin da inda ya taɓa bangon farko, su biyun sun isa a fitar da faɗin fili.

Wurare biyu ne wannan layi yake zato. Na farko a gaba: a awa biyun farko ainihin layin yana sama da miƙaƙƙen, domin sinadari yana cikin jini da yawa, bai gama fita zuwa sassan jiki ba. Wannan tudun da aka yanke, mu kira shi tozo. Na biyu a baya: duk abin da ya biyo bayan jini na ƙarshe, wato wutsiya.

Tozo an daɗe da samo masa magani. A 1969 Cyril Chantler da abokansa suka ce a ninka sakamako da 0.93. A 1972 wani likita ɗan Denmak, Jens Brøchner-Mortensen, ya kwatanta cikakken layi da miƙaƙƙen a marasa lafiya 74, ya fitar da gyaran da har yau ake amfani da shi: a ninka sakamako da 0.990778, sannan a cire 0.001218 sau sakamakon da aka ninka da kansa. Hikimar gyaran ita ce tozo kusan girmansa ɗaya a wurin kowa, sai dai a mai ƙoda lafiyayya fili ƙarami ne, tozo ya zama babban kaso a cikinsa, a mai rauni kuwa fili ya yi faɗi, tozo ya zama ba komai ba. Gyara ne mai kyau, ya yi wa miliyoyin mutane aiki. Amma bai taɓa wutsiya ba ko kaɗan.

Abin da ya kamata a faɗa don adalci: shi kansa Brøchner-Mortensen yana cikin waɗanda suka fara yin kashedi. A 1980, tare da Jens Henriksen da wasu, sun wallafa cewa wannan hanya ta allura ɗaya tana ɗaga sakamakon masu ruwa a ciki sama da gaskiya. An san da matsalar shekara talatin kafin aikin Royal Free. Abin da ba a samu ba shi ne hanyar da asibiti zai iya bi kullum ba tare da komawa ga robar fitsari ba.

Inda sinadarin ke ɓuya

Wanda ya san kogin Haɗeja da damina zai gane abin nan da sauri. Ruwa ya taho, wani ya bi kwarin kogi ya wuce, wani ya malala fadama ya kwanta. Mutumin da ke tsaye a gaɓa yana kallon ruwa na janyewa zai ce duk ya wuce, alhali wani yana nan gefe, zai dawo a hankali in kogi ya sauka. Ruwan da ke kogon ciki fadama ne. Sinadari yana ratsa bangon ciki ya shiga cikinsa sannu a hankali, awa da awanni. A awa 2 zuwa 4 da ake ɗibar jini, abubuwa biyu ne ke rage shi a jini lokaci guda: ƙoda na tacewa, ciki na sha. Layi bai san bambancinsu ba, duk sai ya rubuta wa ƙoda. Can da dare, bayan an sallami mutum, jini ya sauka ƙasa da ruwan ciki, sinadari ya fara dawowa, wutsiya ta yi tsawo, ta yi kauri, ba wanda ya gani.

Bari mu sa alƙaluma na misali, waɗanda na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce mutum ne matsakaicin jiki, an yi masa allurar awo 100. A awa 2 an samu 3.30 a kowace lita, a awa 3 an samu 2.68, a awa 4 an samu 2.18. Ɗigogin sun jeru tsaf. Layin ya ce sinadari na raguwa da rabi duk minti 200, kuma in aka miƙa shi baya zai taɓa bango a kan 5, ma'ana kamar an narka allurar a lita 20. Faɗin fili ya kama 1,443, a raba 100 da shi, sakamako lita 0.069, wato mililita 69 a minti. Gyaran Brøchner-Mortensen ya sauko da shi 63. Takarda ta fita: 63, ƙoda ba laifi.

Yanzu a duba cikin wannan fili na 1,443. Kusan 629 daga ciki wutsiya ce, bayan awa huɗu. Fiye da kashi 40 cikin 100 na amsar ke nan, kuma babu ɗigon jini ko ɗaya da ya shaide shi. Layin ya yi alkawarin cewa a awa 8 za a samu 0.95, a awa 24 kuma 0.03. A ce mutumin ya kwana a asibiti an ɗiba, sai aka samu 1.3 a awa 8, da 0.4 a awa 24, wato fiye da ninki goma na alkawarin. In aka sake auna wutsiya da waɗannan, ba 629 ba ce, wajen 1,467 ce. A haɗa da sauran fili har da tozo, a samu kusan 2,430. A raba, sakamako ya koma 41.

Tsakanin 63 da 41 akwai rayuwa iri biyu. Na farko ba a ma kiran sa mai gazawar ƙoda in babu wata alama. Na biyu ya shiga kashi na biyu na mataki na uku na ciwon ƙoda, matakin da ake fara rage magunguna. Tenofobir irin na da da entekabir, magungunan ciwon hanta nau'in B da mutanenmu da yawa ke sha, duka ana sauya yadda ake shan su in tacewar ƙoda ta sauka ƙasa da 50. Haka masu sankarar ƙwan mace, waɗanda su ma sukan zo da ruwa a ciki: maganin kaboplatin ana lissafa shi ne da ƙa'idar Calvert ta 1989, a ƙara 25 a kan GFR a ninka da adadin da likita ya zaɓa. In adadin 5 ne, mai 63 za a ba ta miligiram 440, mai 41 kuma 330. Rarar 110 ɗin nan ɓargo ne zai biya ta, da zubar jini da faɗuwar garkuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan lamari shi ne layin bai nuna wata alamar rashin lafiya ba. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin nukiliya ta Birtaniya na 2004 sun ce a duba yadda ɗigogi suka manne wa layi, ma'aunin mannewar ya wuce 0.985, inda 1 ke nufin cikakkiyar mannewa. A misalinmu ya wuce har da rara. Amma mannewa shaida ce kan awa biyun da aka auna kawai. Ɗigo uku da ke kusa da juna a kan kowane irin lanƙwasasshen layi za su yi kama da miƙaƙƙe, kamar yadda mai tafiya a fili ba ya ganin lanƙwasar ƙasa. Alamar da ta fi amfani tana wani wuri: lita 20 ɗin nan. Waɗannan ƙa'idoji sun ce ana sa ran wajen lita 8 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kusan lita 14 ke nan ga mutum matsakaici. Wanda ya ga 20 ya kamata ya ajiye alƙalami ya je ya ga mara lafiyan da idonsa.

Abin da aka yi a Royal Free

Sun ɗauki mutum 13 masu ƙandararriyar hanta da ruwa a ciki, waɗanda ake duba yiwuwar yi musu dashe. Kowanne aka yi masa allurar EDTA mai kuromiyam, aka ɗebi jininsa sau 15, daga minti 5 bayan allura har minti 1,440, wato awa 24 cif. Da ɗigo 15 ba sai an zaci siffar layi ba. Sai a haɗa kowane ɗigo da na kusa da shi, a auna ƙananan filayen ɗaya bayan ɗaya, a tara, kamar mai awon gona mara kusurwa da ke yanka ta ƙanana. Wannan ya zama ma'aunin da za a gwada sauran hanyoyi a kansa. Daga nan suka riƙa ɓoye wasu ɗigogi suna tambaya: wane ƙaramin rukuni ne, da wane lissafi, zai kawo mu kusa da amsar da 15 suka bayar?

Mutum zai iya cewa ai maganin a bayyane yake, a yi amfani da layi mai gangara biyu, ɗaya mai sauri ta bazuwa, ɗaya mai jinkiri ta ƙoda. Tun 1955 Sapirstein ya kawo wannan tsari da ke ɗaukar jiki kamar ɗaki biyu da sinadari ke kai-komo a tsakaninsu, kuma yana aiki in jini ya yi yawa kuma jiki ɗaki biyun ne. Amma yana da adadi huɗu da za a nemo, kuma irin waɗannan layuka suna da wata muguwar ɗabi'a da masanin lissafi Cornelius Lanczos ya nuna tun 1956: haɗin gangara uku ana iya kwaikwayon sa da haɗin gangara biyu masu alƙaluma daban sarai, ido ba zai raba su ba. Ma'ana ɗan kuskure kaɗan a kwalba ɗaya yana iya karkatar da gangarar ƙarshe, ita kuwa ita ke riƙe da wutsiya. Ga mai ruwa a ciki kuma ɗakunan ba biyu ba ne.

Hanyoyi biyu suka fito daga waɗannan alƙaluma, kuma tunaninsu ya sha bamban.

Ta farko daga Kanada ta zo. Carl Wesolowski, likitan nukiliya a Newfoundland, ya wallafa a 2010 wata hanya da ake kira Tk-GV. Ya ajiye maganar ɗakuna gaba ɗaya. Ya ɗauki layin gamma, wanda shi ne gangarar da aka saba amma an ninka ta da wani adadi da ke sauyawa da lokaci. Halin wannan layi shi ne gangararsa tana da tsanani da farko, tana yin laushi a hankali, ba ta taɓa zama miƙaƙƙiya a wani minti da za a ce nan bazuwa ta ƙare. Wannan ya fi kama da abin da jiki ke yi. Sannan ya ɗaure shi da dabarar masanin lissafin Rasha Andrey Tikhonov, wadda masu ƙididdiga suka sani a wata siga tun aikin Hoerl da Kennard na 1970. Dabarar tana da daɗin fahimta: maimakon a tilasta wa layi ya bi kowane ɗigo sau da ƙafa, sai a yarda ya ɗan kauce musu, in dai hakan zai sa adadin da ke hukunta wutsiya ya tsaya da ƙafarsa. Kwamfuta ce ke neman iya ɗaurin da zai rage kuskuren wannan adadi. A 2011 aka gwada hanyar a kan alƙaluman Royal Free, aka nuna cewa jinin awa huɗun farko yana kawo amsa kusa da ta awa 24, muddin akwai jinin mintunan farko a ciki.

Ni dai a nan na ga darasin ƙididdiga mafi tsafta a lamarin. Ba kyawun layi ake nema ba, faɗin fili ake nema. Hanyar da ta fi manne wa ɗigogi da hanyar da ta fi kawo faɗin gaskiya ba lallai su zama ɗaya ba, kuma Tk-GV ta zaɓi ta biyun da gangan.

Ta biyu ita ce wadda Wickham da abokansa suka wallafa a 2013, kuma ba ta da ado. Jini huɗu: awa 2, awa 4, awa 8, awa 24. A haɗa su a ma'aunin logaridim, a auna fili tsakanin kowane biyu. Farkon layi a ƙiyasta shi daga yawan ruwan jinin da ake sa ran mutumin na da shi. Abin da ya rage bayan awa 24 ne kaɗai za a miƙa. Ba su nemi layin da ya fi wayo ba, sun je sun auno wutsiyar ne. A misalinmu na sama, ɓangaren da ba a shaida ba ya sauka daga fiye da kashi 40 zuwa kashi 13 cikin 100. Kuma ba su ɓoye iyakarta ba: a kan mutum guda, amsar jini huɗu tana iya kauce wa ta jini 15 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ba ƙaramin rata ba ne. Amma kuskure ne da ke faɗawa kowane ɓangare, ba irin na tsohuwar hanya da kullum ke karkata wajen cewa ƙoda lafiya lau ba.

Da ƙungiyar likitocin nukiliya ta Birtaniya ta sabunta ƙa'idojinta a 2018, sai ta raba hanya biyu. Ga yawancin mutane ta ce jini ɗaya ya isa, a ɗebe shi a lokacin da ya dace da ƙarfin ƙodar da ake zato, mai rauni a jinkirta. Ga masu ruwa a ciki ko kumburin jiki kuwa, jini huɗun nan har zuwa awa 24. A ganina zaɓin ya dace da asibiti na yau da kullum. Tk-GV tana rage wa mara lafiya dawowa washegari, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da tashi daga gado ma aiki ne a gare shi. Sai dai tana buƙatar manhaja ta musamman da jinin mintunan farko, inda kuskuren minti ɗaya a agogo yake da nauyi, kuma amsarta har yanzu ta dogara ga yarda cewa wutsiya siffar gamma take bi. Hanyar Wickham kuwa duk mai takardar lissafi a kwamfuta zai iya yi, wani kuma ya bi sawunsa ya duba. Mutum 13 ba su da yawa, wannan gaskiya ne, kuma ya shafi hanyoyin biyu daidai wa daida.

Royal Free ba su tsaya nan ba. A 2017 suka fitar da ƙa'idar ƙiyasi ta masu ƙandararriyar hanta kaɗai, wadda bayan kiriyatinin da shekaru da jinsi take duba yuriya, gishirin jini, saurin daskarewar jini, da ko akwai ruwa a ciki.

Sai kuma wani abu ya faru da ba na lissafi ba. A 2019 aka daina samar da EDTA mai kuromiyam 51 a Turai, asibitoci suka koma wani sinadarin, DTPA mai alamar teknitiyam. Kuromiyam 51 yana ɗaukar kusan kwana 28 kafin haskensa ya ragu da rabi, teknitiyam kuwa awa 6 ne. Zuwa awa 24 ya ragu da rabi sau huɗu, kashi ɗaya cikin 16 ya rage, ga shi dama sinadarin ya yi ƙaranci a jini. Kwalbar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta zama mafi wuyar ƙirgawa, sai an ƙara yawan allura ko an bar ta ta daɗe a na'ura.

Wannan ya ƙara wa iyoheksol daraja, sinadarin da ake yi wa mutum allura kafin hoton sikan, wanda masu bincike a Lund ta ƙasar Suwidin suka fara auna ƙoda da shi a 1984. Ba shi da hasken nukiliya, ba ya lalacewa a kwalba, ana iya daskarar da ruwan jinin a aika wani gari. Ga ƙasashenmu, inda sassan gwajin nukiliya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, irin na Ibadan da Abuja da Yamai, nan ne ƙofar take. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya auna mutane fiye da 2,500 da iyoheksol a Malawi, Uganda da Afirka ta Kudu, har a karkara, ya kuma gano cewa ƙa'idojin kiriyatinin da aka saba suna ɗaga ƙarfin ƙodar mutanen sama da yadda yake. Amma sauya sinadari ba ya sauya lissafi. Iyoheksol ma yana shiga ruwan ciki ya kwanta, kuma in aka tsaya a awa huɗu aka ja miƙaƙƙen layi, kuskuren nan dai shi za a maimaita.

Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Arewa da kudancin Nijar, masu kumburin ciki ba baƙi ba ne a gadajen asibitocinmu. Ranar da wata cibiya a nan ta fara wannan awo, takardar neman gwaji tana buƙatar gurbi ɗaya da likita zai cika kafin a ɗaga sirinji: akwai ruwa a ciki, ko kumburi a ƙafa? In akwai, a shirya wa jinin awa 8 da na washegari, a kuma gaya wa masu kula da gadon kada a zuƙe ruwan cikin a tsakanin allura da jini na ƙarshe, domin duk sinadarin da ya bi robar zuwa bokiti, lissafi ƙoda zai rubuta wa.